Darasi a Majema

Ran Laraba na rufe littafi,
na ce da 'yan aji biyar su nemo takalma.
Yau allo zai huta, alli zai huta,
za mu Ƙofar Wambai, za mu Majema.

Tun ba mu sauka daga adaidaita sahu ba
wari ya taro mu a bakin titi.
Barira ta ja mayafi ta toshe hanci,
wani ya ce, “Malama, mushe ne a kwata?”
Dariya ta ɓarke. Ni ma, ba na ɓoyewa,
na haɗiye numfashi kamar mai shan maɗaci.

Nazifi kaɗai bai dara ba.
Nazifi na bencin baya,
wanda jan birona ya san littafinsa
fiye da yadda kunnena ya san muryarsa.

Baba Shu'aibu ya fito daga rumfa,
faratansa sun rine, wandonsa a naɗe.
Ya ce, “Ku saki hancin, 'yan boko.
Wannan warin ya aurar da 'ya'yana tara,
ya kai ni Makka, ya rufa mini soro.
Wa ya san wannan?” Ya buɗe tafinsa.

Shiru.
Yaran da ke jero mini ƙasashen Turai
da manyan biranensu ba tuntuɓe,
sun tsaya suna kallon 'ya'yan itace
kamar baƙin da jirgi ya sauke jiya.
Ni ma na duƙar da kai ina gyaran jaka.

“Bagaruwa ce,” in ji wata murya daga baya.

Duk muka waiga.
Nazifi ya riga ya tuɓe takalmi,
ya ratsa tsakanin kwatarni kamar tsakar gidansu,
don kuwa tsakar gidansu ce.
“Kaka, ba ni kartaji.”
Ya shimfiɗa fatar akuya a gungume,
ya karta sau ɗaya, gashi ya zube
kamar yadda aski ke bin kan ango.

Sai ga baki ya buɗe:
fata sai ta kwana a ruwan toka,
sai ta sha kashin kaji ta yi laushi,
a kai ta bagaruwa, a shafe ta da man gyaɗa,
karan dafi ya ba ta ja, kuloko ya ba ta baƙi.
In ka yi gaggawa ta yage,
in ka yi lalaci ta ruɓe.
Bai yi i'ina ba ko sau ɗaya.
Wata uku ina neman jimla ɗaya a bakinsa,
ashe ba ni na iya tambaya ba.

Barira ta sauke mayafi.
Ta ce a bar ta ta taɓa.

Da za mu tafi, Baba ya shafa jakata,
wadda na biya rabin albashi a kanti.
Ya murza ta, ya shinshina, ya yi murmushi:
“Malama, wannan ba ta taɓa cin ciyawa ba.”
Yara suka kwashe. Na bar su, na ci bashin.
Ya nuna mini lungun dukawa,
na sayi 'yar jaka ja wurin Malam Tasi'u,
ban nemi ragi ba, shi ya rage da kansa.

Da daddare warin na nan a gyalena.
Na wanke sau biyu, na shanya, yana nan.

Alhamis na rubuta kwanan wata a allo.
Littafin Nazifi har yau cike da gyara,
“bagaruwa” ma ya cinye mata harafi ɗaya.
Na ɗaga jan biro, na daɗe ina dubawa,
sannan na ce ya taso gaba da alli,
ya zana mana kartaji,
don ni na manta ta ina ake riƙe shi.